Sandar furotin ba abincin rana ba ce

'Yan uwana ɗaliban Arewa da ke karatu a Kudu, ina da magana. Tun da jarrabawa ta matso a nan Ibadan nake ganin wasunmu da sandar furotin ɗin nan ta kanti, mai kama da cakulan, wai ita ce kalaci, ita ce abincin rana. Ni ma na gwada mako guda. Kuɗin wata suka zube, kuma kafin azahar yunwa ta dawo.

Ku juya ledar ku karanta. Yawanci furotin giram 10 zuwa 20 ne a ciki, wasu kuma sukarinsu kamar alewa. Dafaffen ƙwai ɗaya yana da kusan giram 6. Ƙwai biyu da gyaɗa cikin tafin hannu sun kamo ta. Ga ƙuli-ƙuli a Sabo, ba sai an aiko daga gida ba.

Ban hana a ajiye guda a jaka ba, saboda ranar da lakca ta haɗe da lakca. Amma a zaɓi wadda furotin ɗinta ya fi sukari yawa, da yamma kuma a zauna a ci shinkafa da wake. Wallahi mai yunwa ba ya riƙe karatu.