Bangon Firgi da allon ajinmu

Makon jiya na sa ɗalibaina, malaman gobe, su shirya darasi a kan alwatika da da'ira. Kowa ya ɗauki alli ya zana a allo, shi ke nan. Sai na nuna musu hotunan Firgi, wani ƙauye da ke kudancin tsibirin Kiyos na ƙasar Girka, dab da gaɓar Turkiyya.

Gidajen Firgi cike suke da zane baƙi da fari tun daga ƙasa har sama. Magini yakan yi yaɓe da baƙin yashi, ya shafe shi da farar ƙasa, kafin ta bushe ya auna siffofinsa, ya kankare da cokali mai yatsu har baƙin ya fito. Duk siffar da muke wahalar koya wa yaro a aji, a can tana bakin ƙofarsu, kusa da tumatir ɗin da suke ratayewa a bango.

Ƙauyen kansa saboda tsoro aka gina shi haka. Arzikinsa ƙaro ne mai ƙanshi da ake kira mastika, wanda ake tsaga bawon itace ya ɗiga ƙasa, mata su zauna bakin ƙofa suna tsince shi ɗaya-ɗaya. Mutanen Jenowa da suka riƙe tsibirin daga 1346 zuwa 1566 sun tsare wannan dukiya ƙwarai: gidaje manne da juna kamar ganuwa, lunguna ƙanana, hasumiya a tsakiya don gudun ƴan fashin teku. Bayansu Turkawa suka mulki wurin har 1912.

Majami'unsu ma ba su rabu da gari ba. Ta Manzanni, ƙarama ce tun zamanin Rumawan Gabas, sai ka bi ta wani lungu kafin ka gan ta, kuma zanen cikinta na 1665 ne. Babbar, mai sunan Maryamu, tana dandalin da tsofaffi ke shan gahawa, bangonta da zane irin na gidajen talakawa.

Abin da ya fi burge ni shi ne har yau ana yin aikin. A 2014 hukumar UNESCO ta sa sanin noman mastika cikin gadon duniya, amma ba takarda ce ta raya shi ba, hannu ne ya miƙa wa hannu.

Mu fa? Unguwar Birni a Damagaram na da gidaje masu zanen da ba ya jin kunyar na Firgi. Siminti na cinye su, mu malamai kuwa muna wucewa ta gabansu mu je mu kwafo alwatika daga littafi. Iyaye ma da laifinku, kun ɗauka ginin ƙasa alamar talauci ce.

Na ce wa ɗaliban su sake shirin. Kowa ya nemi tsohon gida ko magini a garinsu, ya auno zanen bango guda, ya kawo mini ranar Litinin.