Kankiya Da Kusada: A Ceci Kududdufai Tun Ba A Cike Su Ba

Duk mai bin hanyar Kano zuwa Katsina ya ga yadda Kankiya ke faɗaɗa. Gonakin bakin gari sun koma fulotai, kullum sabon harsashi. Haka Kusada, haka ƙauyuka irin su Kaikai, kowa na yankan fili daidai ƙarfinsa. Ba na adawa da gini, jama'a na ƙaruwa, dole su sami muhalli. Damuwata ita ce wurin da ake aza ginin: bisa kududdufi, bisa hanyar ruwa, da inda aka tumɓuke itatuwan da kakanni suka bari.

Kududdufi yana da aikinsa a gari. Daga cikinsa aka haƙi ƙasar da aka gina gidajen unguwa, ramin kuma ya zama masaukin ruwan sama. Daminarmu ba ta cika wuce wata huɗu ba, amma sau da yawa ruwan kan sauko da ƙarfi cikin 'yan sa'o'i. Kududdufi ne ke karɓarsa ya riƙe, ya riƙa tsuma cikin ƙasa sannu a hankali har rijiyoyi su samu. Rani ya yi a shayar da bisashe, a buga tubali. Ranar da aka cike shi da shara aka yi gini, ruwan ba zai fasa zuwa ba. Ɗakunan mutane zai nufa, kuma ginin ƙasa na talaka ne zai fara kwantawa.

Kanawa sun ɗanɗana. An cike kududdufai da dama a cikin birni an yi shaguna, yau ruwan sa'a ɗaya kan mai da titi rafi. A jiharmu kuwa, ambaliyar Jibiya ta watan Yulin 2018 ta ci rayuka fiye da 40 cikin dare guda, Allah Ya jiƙansu. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Na san abin da iyaye mata za su ce: sauro, wari, ga yara na faɗawa su nutse. Gaskiya suka faɗa, kuma ba ƙaramar magana ba ce. Sai dai maganin wannan shi ne a yashe kududdufin, a hana zuba shara, a kewaye shi, a dasa bedi da tsamiya a gefe, a zuba kifi matasan unguwa su kula da shi su ci moriya. Kuɗin wannan bai kama ƙafar na tallafin da ake rabawa bayan gidaje sun rushe ba.

Batun itace ma ba sai an je nesa ba. Tun shekarun 1980 manoman Maraɗi suka daina ƙone kututture lokacin sassabe, suna barin tohon gawo da sauran itatuwa suna gyara shi. An ƙiyasta cewa ta haka itatuwa kusan miliyan 200 suka dawo a kan hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Ba injin ba ne ya yi aikin, wuƙa ce da haƙuri da yarjejeniyar mutanen gari. Mu kuma mai sayen fili wanda yake fara kira shi ne mai gatari.

Wa ke da alhaki? Dokar filaye ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da takardar fili a karkara, abin da aka ayyana birni kuma yana hannun gwamna. Amma kowa ya san cinikin fili ba ya ƙulluwa sai da shaidar mai unguwa da magajin gari. Su ne suka san inda ruwa ke bi tun suna yara.

Don haka ina roƙon shugabannin ƙananan hukumomin Kankiya da Kusada su zauna da hakimai, a rubuta kowane kududdufi da kowace hanyar ruwa, a kafa musu duwatsun iyaka, a haramta sayar da su. Shirin ACReSAL da Bankin Duniya ya amince wa dala miliyan 700 a 2021 ya haɗa da Katsina, kuma aikinsa ke nan, gyaran ƙasa da tattalin ruwa. A kai masa buƙata a rubuce. Kai kuma mai neman fili, kafin ka biya dillali, tambayi dattijan unguwa ina ruwa ke kwana da damina.