Haddar Sunaye Ba Ta Feɗe Littafi

Sharhinmu na yau ya shafi darasin Adabin Turanci a makarantun sakandare, da irin harshen da ɗalibi yake buƙata kafin ya iya faɗin wani abu mai ma'ana a kan littafin da aka ɗora masa. Za mu karkata akalar maganar zuwa yammacin Kano, wato Gwarzo da Kabo da garuruwan da ke kewaye da su, irin su Getso da Kutama da Lakwaya da Garo da Durun.

Duk wanda ya taso daga wannan yanki zai shiga birni, sai ya wuce ta ƙofar sabon mazaunin Jami'ar Bayero kafin ya isa Kabuga. A cikin yaran da ke leƙen ƙofar nan ta tagar mota akwai masu burin zama lauyoyi da alƙalai. To, a mafi yawan jami'o'in Najeriya ba a ɗaukar ɗalibi karatun lauya sai yana da kiredit a Adabin Turanci, haka ma mai son karanta Turancin kansa. Darasin da iyaye da dama suke yi wa kallon tatsuniyar Turawa, shi ne tsaye a bakin ƙofar, kuma ba ya ɗaga wa kowa ƙafa.

A jarrabawar WAEC darasin takarda uku ne. Ta farko tambayoyi 50 ne na canki-canka: 20 a kan sanin adabi gaba ɗaya, 20 a kan wasan Shakespeare da aka zaɓa, sauran 10 kuma a kan wani guntun zube da wata waƙa waɗanda ɗalibi bai taɓa gani ba sai a ɗakin jarrabawa. Ta biyu da ta uku rubutu ne zalla, a kan ƙagaggun labarai da wasannin kwaikwayo da waƙoƙi. Littattafan kuwa canja su ake yi duk shekara biyar. Daga 2021 zuwa 2025 yara sun yi fama da su The Lion and the Jewel na Wole Soyinka da Second Class Citizen na Buchi Emecheta da Wuthering Heights na Emily Brontë. Daga 2026 sai aka shigo da wasu, ciki har da To Kill a Mockingbird na Harper Lee da The Marriage of Anansewa na Efua Sutherland ta ƙasar Gana.

Rahotannin da manyan masu duba takardu suke fitarwa bayan jarrabawa sun daɗe suna nanata ƙorafi iri ɗaya: ɗalibai ba su karanta littattafan da kansu ba, sun dogara da taƙaitattun bayanan da ake sayarwa a kasuwa, kuma idan an tambaye su abu, sai su kama ba da labarin littafin daga farko har ƙarshe. Maganin da akasari ake ba yaro shi ne jerin sunaye a kan allo. Metaphor, simile, irony, personification, hyperbole, har zuwa su onomatopoeia da harshe ke harɗewa wajen faɗa. Yaro ya kwafa, ya haddace, ya zo ya rera kamar karatun sallar dare. Wannan hadda tana iya samo masa 'yan maki a canki-canka. A takardar rubutu kuwa ba ta kai shi ko'ina, domin mai duba takarda ba ya ba da lada don an gane cewa ga siffantawa, wato metaphor, a layi na uku. Abin da yake jira shi ne a gaya masa aikin da ta yi a wurin.

Wani abin dariya, Soyinka ya riga ya zana wannan cuta a cikin littafin da yaran suka yi shekaru suna haddacewa. Lakunle, malamin makarantar ƙauyen Ilujinle, yana son Sidi amma ya ƙi biyan sadakinta. Da ya tashi kushe al'adar sai ya jero manyan kalmomin Turanci, ɗaya na bin ɗaya, har suka ƙare masa, ya ɗora laifin a kan ƙanƙantar ƙamus ɗinsa. Sidi ba ta gamsu ba, kuma a ƙarshe tsoho Baroka ne ya aure ta. Ɗalibin da ya cika takarda da sunayen adon harshe ba tare da hujja ba, Lakunle ne na biyu, kuma mai duba takarda ya fi Sidi wuyar sha'ani.

Ga bambancin a aikace. Ɗalibi na farko ya rubuta cewa Baroka shi ne zakin da ke cikin sunan wasan, wannan kuwa siffantawa ce, ya ajiye biro. Na biyu ya ce sunan wasan yana sa mai karatu ya yi tsammanin mai ƙarfi, amma manyan nasarorin Baroka ba da ƙarfi ya same su ba. Layin dogo da za a ratsa ta garinsa, toshiyar baki ya ba mai awo aka karkatar da shi. Sidi kuwa ya same ta ne bayan ya gaya wa uwargidansa Sadiku cewa ƙarfinsa na namiji ya ƙare, yana sane da cewa maganar ba za ta kwana a cikinta ba. Saboda haka laƙabinsa na biyu a wasan, na wata dabba mai wayo irin dilanmu, ya fi bayyana shi. Duka biyun sun san sunan adon. Na biyun ne kaɗai ya san inda zai sa guduma, Bahaushe kuwa ya ce sanin wurin bugu shi ne ƙira.

Kada wani ya ɗauka cewa wannan matsala ta 'ya'yan Hausawa ce kawai don Turanci ba harshensu ba ne. Wani malami a Jami'ar Kambirij ta Ingila, I. A. Richards, ya riƙa raba wa ɗalibansa waƙoƙi ba sunan marubuci, ya ce su faɗi ra'ayinsu. Ya tattara amsoshin a littafinsa Practical Criticism na 1929. 'Ya'yan Turawa, a cikin harshen iyayensu, da yawa suka kasa kama ko ma'anar fili, wasu suka yabi raunanan waƙoƙi suka yi watsi da na manyan mawaƙa. Waƙar nan da ake ajiye wa yaro ba zato a takarda ta farko jikanyar wancan gwajin ce.

Abin da ya fi damun mai wannan sharhi shi ne, yaron Gwarzo ko Kabo ba hannu rabbana yake shiga ajin Adabin Turanci ba, amma sai a sa shi ya ajiye kayansa a bakin ƙofa. A ajin Hausa an koya masa jigo da salo da zubi da tsari. Masana irin su Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo, mai Ɗaurayar Gadon Feɗe Waƙa, da Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau, mai Jagoran Nazarin Waƙar Baka, dukansu na Jami'ar nan da ke kan titin Gwarzo, sun yi shekaru suna gyara kayan aikin nan. A 1990 aka buga ƙamus na keɓaɓɓun kalmomin nazarin Hausa wanda Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace. Kamantawa ma kaɗai an raba ta zuwa ta daidaito da ta fifiko da ta kasawa, rabon da littattafan sakandare na Turanci ba su cika damuwa da shi ba. Wanda kuma ya zauna gaban malamin zaure ya taɓa balaga, ko a Jauharul Maknun ko a Uƙudul Juman, ya san cewa tashbihi rukunai huɗu ne: abin da aka kamanta, abin da aka kamanta shi da shi, kalmar kamantawar, da fuskar kamar. Wannan rukuni na huɗu, wato ta wace fuska suka yi kama, shi ne ainihin tambayar da WAEC take yi, shi ne kuma wanda jerin sunayen kan allo ya tsallake.

Ko maganar bambanta marubuci da mai ba da labari, wadda ta riƙa kayar da ɗalibai a Wuthering Heights, inda labarin yake fitowa ta bakin Lockwood da Nelly Dean, ba baƙuwa ba ce. Wa ya karanta Magana Jari Ce ya ɗauka cewa aku shi ne Abubakar Imam? Kowa ya san akun yana da manufarsa: so yake ya riƙe Musa ɗan sarki da labari kada ya fita. Yaron da ya gane haka, da ƙaramar tunatarwa zai tambayi kansa ko Nelly Dean ma tana da abin da take karewa. Ananse na wasan Sutherland, wanda ya yi wa sarakuna huɗu alkawarin 'ya ɗaya, ai Gizo ne da ya sha ruwan Gana. Babu yaron Garo da zai buƙaci a yi masa dogon bayani a kan halinsa.

To wane Turanci ne mai amfani? Bai da yawa, kuma bai da ƙyalli. Na farko shi ne kalmomin da tambaya take zuwa da su. Idan an ce discuss ko examine ko comment on, ba a ce ka ba da labari ba, an ce ka ɗauki matsayi ka kare shi. Sai kalmomin da ke ɗaure magana da hujjarta, irin su because da this shows that. Sai na juyawa, however da by contrast, waɗanda suke nuna cewa ɗalibi ya ga ɓangare na biyu. Akwai kuma na auna nauyin magana: shows ana faɗinta ne idan hujja ta fito fili, suggests ko implies idan hasashe ne mai tushe. Ɗalibin da ya san lokacin da zai sassauta murya ya fi wanda yake rantsuwa a kan kowace jimla. A ƙara da al'adar masu nazari ta ba da abin da ya faru a littafi da lokaci mai ci, kamar yanzu yake faruwa, da kiran muryar da ke cikin waƙa speaker maimakon a jingina wa mawaƙin kowace kalma. Duka wannan ba zai cika shafi biyu na littafin rubutu ba. Da'awa, hujja, bayani. Shi ya sa ma tsangayoyin lauya suke neman darasin, don aikin da lauya zai yi a gaban alƙali ke nan har ya yi ritaya.

Akwai malamai da za su ce shigo da Hausa ajin Turanci lalata yara ne, tunda da Turanci za su rubuta jarrabawa, kuma a ƙauye ajin nan ne kaɗai inda suke jin harshen. Maganarsu tana da nauyi, kuma ba wanda ya ce a mayar da darasin na Hausa. Amma yaron da aka hana shi tunani da harshen da ya iya, aka kuma tilasta masa magana da wanda bai gama iyawa ba, shiru zai yi, ko ya koma hadda. Minti goma na gardama da Hausa a kan ko Sidi ta yi wauta ko ta yi dabara, sannan a ce kowa ya zuba matsayinsa a jimla uku na Turanci da because a tsakiya, ya fi awa guda na kwafar allo. Yaran nan fa su ne suke feɗe finafinan Kannywood a majalisa har dare ya raba, suna cewa wannan fitowar ba ta dace da halin da aka ba jarumar tun farko ba. Wanda ya iya faɗin haka ya riga ya san nazarin taurari, jimlar Turancin ce kawai ba a ba shi ba.

A watan Yunin 2024 gwamnatin Jihar Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi. Rufin aji da kujeru dole ne, ba musu. Sai dai darasin adabi ba ya yiwuwa ba littafi a hannu, kuma da jerin ya canja a 2026, tsofaffin kwafen da ke cikin akwatunan makarantu sun tashi daga aiki. Ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai da na ci-gaban gari a Gwarzo da Kabo, waɗanda suka saba tara kuɗin rajistar jarrabawa, su sani cewa biya wa yaro kuɗin jarrabawar littafin da bai taɓa riƙewa ba rabin taimako ne. Shugabannin makarantu kuma akwai abin da ba ya cin ko kwabo: a zaunar da malamin Hausa da na Larabci da na Adabin Turanci a teburi ɗaya a farkon zango, su daidaita jadawalinsu, ta yadda makon da ake kamantawa a wannan aji, shi ne makon tashbihi a wancan, shi ne na simile a na uku.