Wasiƙa Zuwa Ga Likitocin Gashi Masu Koya Wa Yara Tafiya



Ƙannena, na san wahalarku. Iyaye mata cike da benci tun asuba, kowace da yaron da doguwar naƙuda ko shawara ko sanƙarau ya taɓa wa ƙwaƙwalwa har gaɓoɓinsa suka sandare. Kuna ƙoƙari, Allah ya saka da alheri.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne irin riƙon da kuke yi wa yaron nan in za ku koya masa tafiya. Sai a cusa hannu biyu a hammatarsa, ko a ɗaga hannuwansa sama da kai, a ja shi har ƙarshen ɗaki, yatsun ƙafa na sharar ƙasa, ƙafafu na harɗewa kamar almakashi, uwa tana ta murna ɗanta ya taka. Bai taka ba! Ku kuka yi tafiyar, shi a rataye yake.

Tun 1994 masu bincike Jeka da Lackner suka nuna a Amurka cewa babban mutum mai lafiya, idonsa a rufe, in ya ɗora yatsa ɗaya a kan abu kafaffe da nauyin da bai wuce giram 100 ba, tangaɗinsa yana raguwa sosai. Taɓawa irin wannan ba ta ɗaukar nauyin kowa. Labari take kai wa ƙwaƙwalwa: ga inda ka karkata, gyara. Da yawa daga yaranmu jin tafin ƙafa da na gaɓoɓi ya yi musu rauni, sun fi kowa buƙatar labarin nan. In kun damƙe yaro tamau, yaushe zai ji ya karkata, balle ya gyara da kansa?

Berta Bobath da mijinta Karel, a Landan, sun koyar da riƙo ta ƙugu da kafaɗa, da janye hannu sannu a hankali. Yau ana jayayya a kan tasirin hanyarsu, amma janye hannun nan gaskiya ne. Malamanmu, Allah ya jiƙansu, ba su da na'urar kirki, amma da sun ga ka tallafi hammatar yaro sai su ture hannunka a gaban uwarsa. Yanzu wa ke tsawatar wa wa? Gaggawar sallamar layi ta sa an mai da ɗan mutane kayan ja.

Ku gafarce ni in na zafafa. Ban ce kowane yaro ba. Wani ma'auni na 1997 ya raba irin yaran nan mataki biyar. Na huɗu da na biyar suna buƙatar cikakken tallafi da keke. A kan wanda ke iya tsayuwa nake magana. Daga ƙugu ku koma tafin hannu, daga nan yatsa ɗaya, daga nan ya shafi bango da kansa. In ba dole ba ku cire masa takalmi ya taka tabarma da rairayi.

Don Allah ku nuna wa uwa wannan da hannunku kafin ta tafi, don a gida yaron yake wuni.

Wassalam.
Yayanku a wannan aiki.