A bar yaro ya ƙirga mintocin wayarsa da kansa

A gidaje da yawa yanzu, da yaro ya fara rigima, abin da ya fi kusa da hannun uwa shi ne waya. A kunna masa katun, a samu a ƙarasa tuƙin tuwo. Mai adalci ba zai ga laifinta ba, don aiki ya yi mata yawa. Rikicin yana tasowa ne a lokacin karɓar wayar, inda ake shan kuka da birgima, saboda yaron bai san da wata iyaka ba. A ganinsa ƙwace masa aka yi kawai.

Iyakar kuwa tana nan. A watan Afrilun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawarwari kan yara 'yan ƙasa da shekara 5. Ta ce yaron da bai kai shekara 2 ba kada a zaunar da shi gaban waya ko talabijin, ɗan shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya a yini, in ya gaza haka ma ya fi. Dalilinta shi ne lokacin da kallo ke ci, daga barci da guje-guje ake yankarsa, alhali hukumar na son yaro mai tafiya ya samu aƙalla minti 180 na motsa jiki kullum.

Awa ɗaya minti 60 ce, kuma ana iya mayar da ita abin da yaro zai riƙe a hannu. A tara murfin kwalbar lemo guda 6, kowanne a matsayin minti 10, a zuba a ƙaramin kwano a damƙa masa da safe. Yana son kallo, sai ya biya. Ya miƙa biyu, uwa ta saita ƙararrawar waya a minti 20, sannan ta tambaye shi: "Abba, saura nawa a kwanonka?" Zai sunkuya ya taɓa su ɗaya bayan ɗaya, ya ce huɗu. Ya yi ɗebewa ke nan, ba allo ba bulala. Ranar da ya cinye shidan kafin azahar, da yamma zai tarar da kwano wayam, kuma zai yi kuka. A nan ake son iyaye su daure, domin in aka ƙara masa ko ɗaya, gobe ba zai ƙara yarda da lissafin ba.

Wannan wasa ya fi dacewa da ɗan shekara 4 zuwa 6, wanda ya daina kai komai baki.

Akwai dalilin da ya sa ƙirgar nan ta cancanci wahalar. A 2007 Greg Duncan da abokan aikinsa sun haɗa manyan bincike guda 6 daga Amurka da Birtaniya da Kanada, suka gano cewa sanin lissafin da yaro ya shiga makaranta da shi ya fi komai nuna yadda karatunsa zai kasance a gaba, har ya fi sanin haruffa. Abin lura kuma, rera ɗaya zuwa ashirin daban ne da sanin adadi. Yara da dama sun haddace waƙar ƙirga daga bidiyo, amma a ce "miƙo mini dabino biyar", sai su ɗebo cikin hannu. Taɓawa da rabawa da ajiyewa ne ke gyara wannan.

Sai batun tattali. David Whitebread da Sue Bingham na Jami'ar Cambridge sun rubuta a rahotonsu na 2013 cewa yawancin yara, zuwa shekara 7, sun riga sun gane darajar kuɗi, suna iya jinkirta biyan buƙata, sun kuma san wani zaɓin in an yi shi ba ya dawowa. Da can yaron Bahaushe a hanyar kanti yake koyon wannan: a aike shi sayen magi, ya dawo da canji, a ƙirga a gabansa. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, ciniki da yawa ya koma tiransifa da POS, yaro yana ganin an danna waya kaya sun zo, bai ga abin da ya fita daga aljihu ba. Murfin kwalba yana dawo masa da ganin abu yana raguwa.

Me za a yi da wanda ya rage? Kada a bari ya tara su ya zo ya kwashe awa uku ranar Asabar, don hakan ya rushe iyakar. A saye su daga hannunsa. Duk murfin da ya kai dare a kwano, uba ya ba shi naira 20 ko 50 gwargwadon hali, yaron ya jefa a asusu da hannunsa. Kafin Sallah a fasa, a baje a tabarma, a ware na sayen abin da yake so, na ajiya da na sadaka, shi ne mai ƙirgawa. Haka kuma kada murfin ya zama ladan cin abinci ko na yin salla, in ba haka ba wayar za ta ƙara girma a idonsa.

Manhajoji irin su Family Link na Google da Screen Time na Apple suna iya kulle waya idan lokaci ya cika, kuma suna da amfani, sai dai ba sa tambayar yaro saura nawa. Wannan aikin babba ne, kuma bai kamata a bar wa uwa ita kaɗai ba. Iyaye maza su karɓi cika kwanon da safe da sayen ragowar da dare, su kuma ajiye tasu wayar a ɗaki idan an zauna cin abinci.