LABARI BA ƘARYA BA NE GA MAI KUNNE



Akwai wata magana da ke yawo a bakin rijiya da cikin kasuwa, har ta shigo ajin yaƙi da jahilci. Wai babban mutum mai iyali bai kamata a gan shi riƙe da littafin labari ba. Wai labari ƙarya ne, aikin yara ne da tsofaffin mata. Wai in ka iya karanta takardar awo da ta likita, ka iya rubuta sunanka, to karatu ya ƙare.

Ya kai mai karatu, kada ka yarda da wannan magana. Gaskiya ne takardar awo tana da amfani. Wanda ya iya lissafin tiya da dami, da wuya a cuce shi a kasuwar Dakoro. Amma mai cuta ba da ma'auni kaɗai yake cuta ba. Da baki yake farawa. Labari kuwa shi ne wurin da ake koyon jin abin da ke ƙarƙashin magana.

Mu fara da abin da kowa ya sani, tatsuniyar Ruwan Bagaja. Kowane gari da yadda yake faɗinta, amma gindinta ɗaya ne. An aiki ɗiyar bora ta je ta wanko ƙirgi a wani ruwa mai nisa. Ta bi hanya da ladabi. Ta iske cinya da kare suna zaune kamar mutane, ba ta yi musu dariya ba. Da aka ce ta zaɓi ƙwai, ta ɗauki ƙarami, ta komo gida da dukiya. Ɗiyar mowa ta bi hanyar nan da rashin kunya da kwaɗayi, ta ɗauki babban ƙwai, ta komo da wahala.

To, wa ya taɓa ganin cinya tana magana? Babu. Kakarka da ta ba ka labarin ita ma ta san babu. Cinya da kare suna tsaye ne a madadin duk wanda ido ya raina: baƙo, miskini, mai lalura. Ƙaramin ƙwai shi ne wadar zuci, babban kuwa haɗama. Tatsuniyar kuma gargaɗi ce ga mai gida da ke fifita wani ɗaki a kan wani. Matar da ba ta da ikon faɗin wannan a gaban mijinta da rana, sai ta faɗe shi da dare ta bakin tatsuniya, yana daga zaure yana ji. Wannan shi za ka kira ƙarya?

Yanzu mu zo ga littafi. A shekarar 1933 aka yi gasar rubuta labarai da Hausa a Zariya, cikin Nijeriya. Wani matashin malami mai koyarwa a Katsina, Abubakar Imam, ya shiga da labarin da ya sa wa suna Ruwan Bagaja. Aka buga shi a 1934. Ya ɗauki sunan da kowa ya sani, ya gina sabon labari a kansa. Ɗan sarki ya kwanta ciwo. Liman ya ce ruwan Bagaja ne maganinsa, aka mai da shi abin dariya a fada. Alhaji, yaron da Liman ya rena, ya ji zafin wannan wulaƙanci, ya fita neman ruwan. Ya yi shekaru yana yawon duniya kafin ya komo da shi, ɗan sarki ya warke.

Mutumin ƙasar Dakoro ba sai an gaya masa darajar ruwa ba. Mu da ke jan wasaki da raƙumi ko da sa daga rijiya mai zurfi, mun san abin da ke ba da rai ba a sama-sama yake ba. Haka ruwan nan na cikin littafi. Yana da nisa, masu zaman fada sun ce babu shi, sai wanda ya daure ya same shi. Kuma da ya samo, ba shi ya shanye ba, wani ya warkar, ya kuma wanke sunan wanda ya rene shi. Ka ce ruwan nan ilimi ne, ba ka yi kuskure ba. Ka ce cika alkawari ne, kana da hujja. Sharaɗi ɗaya ne: duk ma'anar da ka kawo, ka nuna inda ka tsince ta cikin labarin.

Akwai wani wuri a littafin da ya shafe mu kai tsaye. Alhaji ya sauka garin da ba wanda ya iya karatu, ya mai da kansa babban malami. Sai ga abokin hamayyarsa, Malam Zurƙe, ya zo zai tona shi. Alhaji ya zana wata alama lanƙwasasshiya a ƙasa, ya ce a karanta. Zurƙe ya kira ta da sunan harafi. Alhaji ya ce a'a, jinjirin wata ne. Mutanen gari suka duba, suka ga lalle ta yi kama da wata, suka bi bayan Alhaji, suka kori Zurƙe. An yi dariya, amma tsaya ka yi tunani. Wa aka cuta a garin nan? Mutanen gari. Da hannunsu suka kori mai sani, suka riƙe mai wayo, don ba su da abin da za su auna su da shi. Yau masu irin wannan wayo ba su ƙare ba. Suna zuwa da maganin da wai yake warkar da kowace cuta. Suna bugo waya su ce ka ci kyauta, ka fara turo kuɗi.

Dubi kuma Magana Jari Ce, wanda Imam ya rubuta, littafi uku, na farko ya fito a 1937. Sarki Abdurrahman ya tafi yaƙi, Waziri ya ƙulla makirci a bayansa. Ba wani jarumi ya tsare Musa ɗan sarki ba, aku ne, tsuntsun da ba shi da takobi, ba shi da doki, sai baki. Da labari ya riƙa riƙe yaron har gari ya waye, dare bayan dare, har makircin ya lalace. Daga baya aka naɗa akun waziri. Me ya sa mawallafin ya zaɓi aku? Don ya nuna cewa wanda ba shi da gona mai yawa, ba shi da garke, in ya iya magana da hankali zai zauna kusa da manya a saurare shi.

Masu raina labari za su ce lokacin aiki ne. Ba wanda ya ce ka ajiye hauya da damina ka riƙe littafi. Amma rani yana da tsawo. Karatu kuma kamar igiyar rijiya yake, in aka yashe shi gara ta cinye. Sau nawa ake kawo maka takardar likita a shekara? Ita kaɗai ba ta isa ta riƙe maka haruffa. Labari mai daɗi shi ke sa mutum ya buɗe littafi gobe da jibi ba tare da an tilasta masa ba.

Saboda haka ga abin da muke kira gare ku. Ku roƙi malamin ajinku ya nemo muku Ruwan Bagaja ko Magana Jari Ce. Mai zuwa Maradi ya tambaya wurin masu sayar da littattafai. Ku taru bayan sallar isha'i, ɗaya ya karanta shafi guda da ƙarfi. Sa'an nan ku tambayi juna: wannan dabba ko wannan abu, madadin wa yake tsaye? Wa aka yaba, wa aka zarga? A garinmu akwai irin wannan? Ku bar tsofaffi mata su sa baki, gama sun riga kowa sanin wannan aiki. In gardama ta tashi, ku koma ga shafin ya raba ku.

Abin da kuka gano, ku rubuto mana da hannunku, sauran garuruwa su gani. Allah ya ƙara mana fahimta, ya ba mu damina mai albarka, amin.