Keken tsere a cikin gari: hannu ya zauna kusa da birki

Wanda ya sayi keken tsere na gwanjo don zuwa aiki yakan kwaikwayi 'yan Tour de France, ya duƙa ya kama ƙasan kan keken, inda ya lanƙwashe kamar ƙahon rago. A cunkoson gari wannan ganganci ne. Riƙon ƙasa yana rage bugun iska, birki ma ya fi ci daga nan, shi ya sa yake da amfani a gangara. Amma kai a sunkuye yake, ba a hango Adaidaita Sahun da zai tsaya babu sigina.

Inda ya dace hannu ya zauna shi ne kan robar da ta rufe mariƙin birki. Tun 1990 Shimano ta haɗa birki da canjin giya a mariƙi ɗaya, don haka yatsu biyu sun isa, ido kuma yana kan titi.

Miƙaƙƙen saman ya fi daɗin riƙo, sai dai birki ya yi nisa. A bar shi sai hanya ta yi fili, ko lokacin da ƙaramin yatsa ya fara sagewa.